Giyar Ƙarfi a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Saka Ta da Yadda Ake Lallaɓa Ta

Motata Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1994, mai injin dizal 1HZ da giyar hannu. Agogonta ya haura kilomita 460,000, kuma kaso mai yawa na wannan tafiya a kan duwatsu, yashi da taɓo aka yi shi. A gefen babban sandan giya akwai wani ɗan gajere da aka zana wa H2, H4, N da L4. Direbobi da yawa ogzilari suke ce masa. A H2 tayoyin baya kaɗai ke ja, a H4 da L4 duka huɗu ke ja, N kuwa babu giya. Matsayin ƙarshen nan, L4, wanda wasu motoci ke rubutawa 4L ko 4LO, shi ne giyar ƙarfi. Na daɗe ina ganin mutane suna yi masa ɗayan abu biyu: ko dai su ƙi taɓa shi sai mota ta nutse har ƙirji, ko kuma su saka shi su take totur kamar masu faɗa da hanya. Sabuwar mota takan shanye wannan na ɗan lokaci. Wadda ta sha jiki ba za ta shanye ba.

Ni da kuskuren farko na soma. Shekarar da na sayi motar na hau wani kwazazzabo mai duwatsu a H4, lamba ɗaya. Motar na son gudun da duwatsun ba za su lamunta ba, sai na riƙa riƙe ta da kuloci, rabi a take rabi a sake. Kafin in kai sama ƙauri ya cika motar, irin mai ɗacin nan da ke kama maƙogwaro. Bayan 'yan makonni kulocin ya fara zamewa ko a kan kwalta. Da aka sauke giyabos aka ciro faifan, ya yi baƙi ƙirin, fuskarsa ta yi sulɓi tana ƙyalli. Da tun daga gindin hawan na ja ɗan sandan nan, da ƙafata ta hagu ba ta yi wani aiki ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin kujerarka

Bayan giyabos akwai akwati na biyu, tiransifa, mai raba ƙarfi tsakanin furofelar gaba da ta baya, wato dogayen sandunan da ke kai juyi wajen tayoyi. A cikinsa akwai ƙarin haƙoran giya masu rage gudu su ninka ƙarfi. A motata ragin sau 2.488 ne. A Jeep Wrangler na gama-gari 2.72 ne, a samfurin Rubicon 4, a tsohuwar Land Rover Defender 3.32, a Nissan Patrol Y61 kuwa 2 da ɗan ɗoriya. Lissafin ba wuya. Lamba ɗaya tana ragewa kamar sau 4, difarenshal, haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, ya ƙara sau 4.1, ke nan a H4 injin zai juya wajen sau 16 kafin taya ta juya sau ɗaya. Kana saka L4 sai ya haura sau 40. Injin na silo, ba ka taɓa totur ba, mota na jan jiki kilomita biyu da rabi a awa, mai tafiya a ƙasa ma ya fi ta sauri.

Ga tsohuwar mota wannan hutu ne babba. Kuloci ya huta, birki ya huta a gangara, injin ya yi aikinsa cikin natsuwa. A mota otomatik kuwa, jan jiki a hawa cikin H4 shi ke dafa man giya, domin abin da ke haɗa injin da giyabos cikin mai yake zamewa, zamewar kuma zafi take haifarwa. L4 tana rage wannan ƙwarai.

Sai dai duk abin da ke bayan tiransifa, wato furofela, kuros (mahaɗar da ke kowane bakin furofela), difarenshal, sandunan aksul da gaɓoɓin da ke cikin ƙafafun gaba, ƙarfin da zai iya isa gare su ya ninku sau biyu da rabi. 1HZ ba injin a-zo-a-gani ba ne, ƙarfin murɗawarsa Nm 285 ne a juyi 2,200 cikin minti. Amma ninka wannan sau 40, ka ga abin da kake ɗora wa ƙarfen da ya shekara talatin yana bauta. Shi ya sa nake saka giyar ƙarfi da wuri, tun hanya ba ta ɓaci sosai ba, sannan in bi totur da ƙafa mai sauƙi.

Shiga ƙarƙashinta tukuna

Faka a wuri mai daidai, kashe injin, sa wa tayoyi waigi, ka shimfiɗa kwali ka shiga.

Fara da man tiransifa, don shi ne man da aka fi mantawa da shi a jikin mota. Noti biyu ne a jikin akwatin, na sama na zubawa, na ƙasa na juyewa. Kullum na sama za ka fara kwancewa. In ka riga ka juye mai sannan ka tarar na sama ya cije, ka zauna ke nan da akwati ba ko ɗigo. A tawa sifana mai lamba 24 ke kama su. Tura ɗan yatsa ta ramin. Ya kamata man ya kawo daidai bakinsa. Duba launinsa a haske. In ya yi fari-fari ya dushe kamar ruwan toka, ruwa ya shiga, sai a juye shi a ranar. A motoci da yawa notin ƙasa na ɗauke da maganaɗisu. In ka ga laushin ƙarfe baƙi kamar kwalli ya manne masa, wannan cin yau da gobe ne. In kuwa ka murza ka ji ɓarɓashi mai kaifi a yatsa, ko ka ga guntun haƙori, to daji ya haramta gare ka sai an buɗe akwatin.

Kar ka ɗauka duk tiransifa mai ɗaya suke sha. Tawa man giya 75W-90 take sha. Akwatin NP231 na Jeep kuwa jan man giyar otomatik ake zuba masa. Littafin motarka shi ne alƙali a nan, ba abin da ya rage a galan ɗin gareji ba.

Tun da kana ƙasa, buɗe notin giyabos ma. Akwai sil, robar da ke tare mai, tsakanin akwatunan biyu, kuma a tsofaffin Land Cruiser idan ya mutu, mai yakan yi ƙaura daga ɗaya zuwa ɗaya. Sai ka buɗe wannan mai ya tuttulo maka a hannu, ka buɗe wancan yatsanka ya fito a bushe. Ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, don haka babu abin da zai ankarar da kai in ba ka duba ba. Nemi ɗan bututun numfashi da ke saman tiransifa da na kowane aksul, ka tabbatar laka ba ta toshe su ba. Akwati in ya ɗauki zafi iskar cikinsa na kumbura, in ba ta sami hanya ba sai ta turo mai ta sil. Na ga wanda ya canza sil sau biyu yoyo bai tsaya ba, ashe bututun ne ya toshe.

Kama furofela da hannu biyu, murɗa ta dama da hagu, girgiza ta sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. In ka ji ƙwas-ƙwas, ko ka ga jar ƙura kamar tsatsa a gefen hulunansa, alluran ciki sun bushe suna cin juna. Canza shi kafin tafiya. Kuros in ya tsinke, furofela kan yi ta dukan cikin mota har ta fasa abin da bai ji ba bai gani ba. Wanda ke da lafiya kuma a ɗura masa giris sai sabo ya ɓullo ta dukkan huluna huɗu. Wurin da furofela ke shiga tana fita kuwa, matsa biyu ko uku ya isa, cika shi fam cutarwa ce.

Robobin da injin da giyabos ke zaune a kai su ma suna tsufa. A L4 lamba ɗaya injin yana yunƙurin murɗe kansa gefe guda, in robar ta tsage sai ya ɗaga, fanka ta kai wa murfinta ko lagireto duka, sandan giya kuma ya yi tsalle. Buɗe bonet, ja birkin hannu, wani ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, kai kuma ka ɗan saki kuloci kaɗan a lamba ɗaya, sannan a ribas. In ya ga injin ya ɗago kamar zai miƙe, an gane.

Tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna. Sabuwa a gaba, suɗaɗɗiya a baya, ko lamba daban-daban, yana sa gaba da baya su yi ta jayayya ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Gwaji na ƙarshe a fili mai ƙasa ake yin sa. Kulle ƙafafun gaba, saka L4 yadda zan bayyana a ƙasa, karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali gilashi a sauke, dama sannan hagu. Ƙas-ƙas-ƙas daga ƙafar gaba na nufin gaɓar da ke juya tayar ta ci. Tana iya daɗewa a haka in ana lallaɓa ta, amma ka san da ita. A mota mai aksul ɗin gaba ɗungurungum irin tawa, duba ƙwallon ƙarfen da ke bayan kowace taya: danshin giris kaɗan daidai ne, amma baƙin ruwa-ruwa yana tsiyaya alama ce man difarenshal ya tsallako sil yana wanke giris ɗin gaɓar. Motocin da tiransifarsu ke aiki da sarƙa, irin su Jeep da Hilux na baya-baya, suna da tasu cutar. Sarƙa in ta miƙe takan tsallake haƙori idan nauyi ya hau, ka ji gau, gau a ƙarƙashin ƙafarka. Kar ka ci gaba da matsa mata. Tana iya cinye jikin akwatin daga ciki.

Yadda ake saka ta

In ƙafafun gaban motarka na da makulli na hannu, sauka ka murɗa su daga FREE zuwa LOCK, dukansu biyu, tun ƙasa na bushe. Ɗaya a kulle ɗaya a buɗe daidai yake da babu, domin difarenshal zai tura juyin duka ta ɓangaren da ke sake. Fitilar da ke kamawa a gaban direba labarin sanda kawai take ba ka, ba ta san abin da ke ƙafa ba.

Tsayar da mota cak, tayoyi a miƙe. A giyar hannu, take kuloci har ƙasa, ka ja ɗan sandan daga H4 ya ratsa N ya faɗa L4 a ja ɗaya, da ƙwari amma ba fizga ba. A otomatik, ƙafa a birki, babbar giya a N, sannan ka ja. Mai maɓalli ma haka: N, birki, danna, ka jira fitila ta daina ƙiftawa kafin ka motsa. Wasu motocin sun fi son a saka su suna ɗan gangarawa. Jeep ta ce kilomita 3 zuwa 5 a awa. Abin da babu motar da ke so shi ne a cusa mata L4 tana gudu.

In sanda ya ƙi shiga, kar ka dake shi, kar ka sa ƙafa. Haƙora ne suka yi karo kai da kai. Saka lamba ɗaya, matsa gaba kamar taƙi ɗaya, ka sake gwadawa, yawanci zuruf zai shige. A otomatik in ka yi jinkiri a N na tiransifa, sai ka ji gurrr duk lokacin da ka taɓa sandan, saboda abin da ke ciki ya riga ya kama juyawa. Kashe injin, saka sandan inda kake so, sannan ka tayar.

N ɗin nan na tiransifa abin tsoro ne. Muddin sanda na wurin, an raba tayoyi da giyabos gaba ɗaya. Ko ka bar mota a lamba ɗaya, ko a P, za ta gangara abinta. A tsohuwar mota sanda na iya tsayawa tsaka-tsaki kana zaton ya shiga. Don haka bayan ka saka, ɗan ja mota ka ji ta kama, kuma kar ka taɓa sauka ba ka ja birkin hannu ba.

Kwalta da L4 ba sa shiri

A mota irin tawa, da zarar an saka H4 ko L4, furofelar gaba da ta baya sun zama abu ɗaya, dole su juya daidai wa daida. Amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A kan ƙasa, yashi ko tsakuwa, taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kan kwalta, siminti ko shimfiɗaɗɗen dutse busasshe babu zamewa, sai ƙarafan su yi ta murɗewa kamar igiyar da ake tufka. Za ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota na tirjewa a kwana, taya na ƙugi tana tsalle, sanda kuma ya ƙi fita fur. Maganinsa ka yi ribas a miƙe mita biyar zuwa goma, ko ka sa tayoyin gefe ɗaya a kan ƙasa mai laushi, hannunka na ɗan danne da sandan, za ka ji ya saki da kansa.

Motocin da ƙafafunsu huɗu ke ja kullum suna da difarenshal na tsakiya mai warware wannan. Defender na iya tafiya a giyar ƙarfi a kan kwalta in ba a kulle na tsakiyar ba. Amma samfurin 80 mai ja kullum, kana saka giyar ƙarfi yake kulle na tsakiya da kansa, don haka dokar kwalta ta hau kansa.

Wata dabara da nake yi in zan tura tirela da baya a kan siminti: in saka L4 in bar makullan gaba a FREE. Mota ta yi tafiyar hawainiya, babu murɗewa, kuloci na hutawa. Sai dai duk ƙarfin a aksul ɗin baya kaɗai yake sauka, don haka silo kawai, ban da totur.

Hawa

Giyar ƙarfi ba lamba ɗaya kaɗai ba ce, kana da dukkan giyoyinka a ciki. A wuri mai daidai da lamba biyu nake tashi. Lamba uku a L4 ta yi kusa da lamba ɗaya a H4. In ka ga ka daɗe a huɗu ko biyar, hanya ta gyaru ke nan, tsaya ka koma H4. Jeep ta hana wuce kilomita 40 a awa a giyar ƙarfi. Ni a tsohuwar motata ba na kai 25.

Hawan da ba ka ga ƙarshensa ba, sauka ka taka shi da ƙafa. Zaɓi giya tun daga ƙasa, galibi lamba biyu, lamba ɗaya in duwatsu ne manya, ka riƙe ta har sama. Sauke ƙafar hagu daga kuloci gaba ɗaya, ajiye ta a ƙasa. Jingina gefen ƙafar dama da bangon mota don kada girgiza ta riƙa taka maka totur. Manyan yatsunka kuma su kwanta a bayan da'irar sitiyari, kar su shiga ciki, don dutse in ya bugi taya sitiyari kan fizge ya targaɗa yatsa.

In hawa ya gagara, kar ka kuskura ka juya mota a tsakiyar tudu, nan ake kifewa. Take birki da ƙarfi ka bar injin ya mutu a cikin giya. Ja birkin hannu. Take kuloci, saka ribas, saki kuloci. Duba bayanka, miƙe tayoyi, sauke birkin hannu, sannan ka ɗaga ƙafa daga birki a hankali har ka ji injin ne ke riƙe da motar. Murɗa makulli ba tare da ka taɓa kuloci ba, ta tashi a cikin giya, ka bar ta ta sauko da baya a miƙe. Motar da ba ta tashi sai an take kuloci, ko otomatik, sai ka riƙe ta da birki, ka saka ribas, ka sauko a hankali. Koyi wannan a ƙaramin tudu tun buƙata ba ta zo ba.

Gangara

A nan giyar ƙarfi ta fi nuna amfaninta, a nan kuma ganganci ya fi kisa. Tsaya a sama, L4, lamba ɗaya, saki kuloci, ka bar injin ya riƙe mota. Za ka ji yana gurnani, motar na sauka taku-taku. Zuciya za ta ce ka take kuloci da birki. Kar ka bi ta. Birki mai ƙarfi a kan tsakuwa yana kulle taya, tayar da ta kulle kuma ba ta jin sitiyari. In ka ji bayan mota na son zamewa gefe, ɗan taɓa totur kaɗan tayoyi su kamo gudun ƙasa, sai ta miƙe.

Kuloci kuwa haɗarinsa ya wuce sakin mota kawai. Ka tuna ninkin nan na sau 40, ta baya ma yana aiki. In ka take kuloci giya na lamba ɗaya, mota ta gangara ta kai kilomita 30 a awa, tayoyi ne ke juya faifan kuloci, kuma juyin zai haura 8,000 a minti, ninki biyu na abin da injin dizal ɗin ke iya yi. Faifan na iya tarwatsewa a cikin gidansa. In kuma ka firgita ka sake shi a wannan gudu, injin da giyabos ne za su sha dukan.

Tsohuwar mota na da wata matsala a nan da sabuwa ba ta da ita: fitar giya da kanta. Idan cokalin da ke tura giya ya ci, ko sifirin da ke riƙe sanda ya saki, to lokacin da injin ke riƙe mota a gangara shi ne lokacin da sanda ke tsalle ya koma N. Gurnani ya ɗauke ɗif, mota ta sake. Tawa ta taɓa yi mini haka a wata 'yar gangara, Allah ya taimake ni ƙafata na shawagi a kan birki. Tun daga ranar, ƙafar dama ba ta nisa da birki in ina sauka, kuma duk motar da ban sani ba sai na gwada ta a ƙaramin tudu, ina taka totur ina saki, ina kallon sandunan biyu. In ɗaya na motsi gaba da baya, a gyara kafin a tunkari babbar gangara. Dafe sanda da hannu na iya fitar da kai ranar, amma yana ƙara cinye cokalin.

A otomatik, ja giya zuwa L ko 1 da hannunka. Riƙon injin bai kai na giyar hannu ba, don haka sai ka tallafa da birki sannu-sannu, ba tare da ka kulle taya ba.

Inda ƙarfe ke karyewa

Abu uku in suka haɗu, gaɓar gaba sai Allah: sitiyari a karye har ƙarshe, totur a take, da tayar da ta tashi sama tana wulwulawa sannan ta dira ta cafke ƙasa. Na tsaya a gefe na ga wannan a motar abokin tafiyata. Tayar hagu ta gaba na sama tana juyi, motar ta gyaɗa, tayar ta sauka a kan dutse, sai ƙau, kamar an karya busasshen reshe. Da muka buɗe, kejin da ke riƙe ƙwallayen gaɓar ya rabu gida uku, ɓarɓashi ya cakuɗe da giris. Gaɓa ta fi rauni in tana lanƙwashe, don haka miƙe tayoyi gwargwadon iko kafin ka nemi ƙarfi. Taya in ta tashi sama, ko mota ta fara tsalle-tsalle a wuri ɗaya, ɗaga ƙafa nan take. Koma baya, cika ramin da duwatsu, ko ka canza layi.

Kar ka ja motar da ta kafe da ribas. Haƙoran difarenshal an yanka su ne su ɗauki nauyi ta fuska ɗaya, kuma na gaban samfurin 80 an san shi da zubar da haƙora in aka matsa masa da baya. Juyo ka ja ta gaba, kuma a ɗaura igiya a wurin da aka yi don ja, ban da ƙwallon jan tirela, wanda kan tsinke ya tashi kamar harsashi.

In gaba ta karye, mayar da makullai FREE, sanda H2, ka gwada sitiyari a tsaye. In yana cijewa, guntayen sun shiga inda bai kamata ba, sai an ciro su kafin a motsa.

Yashi, taɓo da ruwa ba sa buƙatar dogon bayani. A yashi mai zurfi rage iskar taya zuwa kamar psi 18 a ma'aunin iska, lamba biyu ko uku a L4, riƙe gudu ɗaya, ban da kwana mai kaifi. Mota in ta daina gaba, daina juya taya, haƙa kawai kake yi. A taɓo lamba biyu, kana ɗan kaɗa sitiyari dama da hagu don gefen taya ya sami abin kamawa. A ruwa, auna zurfin da ƙafarka, san inda injin ke shaƙar iska, shiga a lamba biyu, kar ka canza giya a tsakiya. In ka yi doguwar tafiya, ɗan jira aksul su huce, domin ƙarfe mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta tsohon sil.

Zafi

A giyar ƙarfi injin na juyi da yawa, iskar da ke bugun lagireto kuwa kaɗan ce, aikin duk ya koma kan fanka. A tsohuwar mota, abin da ke kama fanka in zafi ya tashi yakan saki. In injin ya yi zafi ka kashe shi, ka tura fankar da hannu ta yi ta juyi sakaka, ta gama aiki. Leƙa tsakanin lagireto da na'urar sanyaya ɗaki, nan ciyawa da busasshiyar laka ke taruwa. Idonka na kan allurar zafi a duk dogon hawa. In ta fara haurawa, kashe na'urar sanyi, tsaya ka fuskanci iska, bar injin na aiki sama da silo kaɗan har ta sauko. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi da zafi.

Fita, da abin da ke biyo baya

Fitar kamar shigar take: tsaya, tayoyi a miƙe, kuloci ko N, tura sanda zuwa H4, sannan H2. Sauka ka mayar da makullai FREE, ka mayar wa tayoyi iskarsu kafin ka hau kwalta. Tun kana tsugune, kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi daidai ne. Wadda ta fi sauran zafi sosai, boris ɗinta ko birkinta na neman a duba.

Abin da ya fi kashe giyar ƙarfi a tsofaffin motoci shi ne zama. Sanda ya yi tsatsa a mahaɗarsa, ƙaramin moto mai saka giya a motoci masu maɓalli ya cije, robobin iska masu kulle gaba su bushe su tsage, mai shi bai sani ba sai ranar da ya kafe. Littafin Toyota ya ce a yi aƙalla kilomita 16 kowane wata da ƙafafun gaba a haɗe, don mai ya zagaya. Ni nakan ƙara da 'yan mitoci ɗari a L4 a kan hanyar ƙasa, gaba da baya, rediyo a kashe, gilashi a sauke, ina sauraron duk wata ƙara da babu ita a watan jiya. In kuma na ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, washegari da safe kafin in tayar da ita nakan ɗan sassauta notin ƙasa na kowane aksul da na tiransifa. Ruwa ya fi mai nauyi, cikin dare ya kwanta a ƙasa, in ya shiga shi zai fara ɗigowa.